Ƙarin Amino Asid da Dafin Ammoniya: Sharhi ga Masu Kiwo a Ƙasar Haɗejiya

Tun da aka datse Kogin Kano a Tiga cikin 1974, aka kuma datse Kogin Calawa cikin 1992, ambaliyar da ta saba malala kowace damina a fadamun Haɗejiya, daga Auyo zuwa Kiri Kasamma da Guri har Nguru, ta daina zuwa bisa tsohuwar al'adarta, kacala kuwa ta samu ruwan da ba ya ƙafewa ta toshe hanyoyi da mashigai, har ya zamana su, watau kamun kifi, wanda shi ne gadon gidaje masu yawa a wannan ƙasa, ba ya riƙe mai shi kamar yadda ya riƙe kakansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutane, a nan da sauran garuruwan Arewa, suka juya ga kiwon tarwaɗa a kududdufi, ko a tankin siminti, ko na tamfol a bayan gida. Sai dai wanda ya bar kamun kifi ya koma kiwonsa ya ɗauki nauyi biyu waɗanda a da kogi ke ɗauka kyauta, watau ciyar da kifin da kwashe ƙazantarsa, kuma a kan nauyi na biyu ne akasarin hasara ke aukuwa, musamman idan bazara ta kankama.

Mas'alar da muke son bahasi a kanta ita ce ta waɗannan garurruka da ruwaye da ake sayarwa a shagunan maganin dabbobi, masu ɗauke da amino asid, waɗanda ake ce wa makiyayi ya zuba a abinci idan zafi ya takura wa kifi ko kaji. Shin suna rage dafin ammoniya a jikin dabba da muhallinta, ko ƙara shi suke yi? Amsar ba ta yiwuwa da kalma guda, domin abu biyu mabambanta ne ake sayarwa da suna ɗaya, kowane kuwa da nasa hukunci.

Asalin ammoniya

Furotin, wanda da shi ake gina tsoka da jini da fata, haɗi ne na amino asid iri 20, kuma kowace daga cikinsu tana ɗauke da sinadarin naitirojin, wanda yake kusan kashi 16 cikin 100 na nauyin furotin. Jiki yana da rumbun ajiye kitse, yana da na ajiye sukari, amma ba shi da rumbun ajiye rarar amino asid. Duk wadda ba ta shiga gini ba, sai hanta ta cire mata naitirojin ta ƙone sauran don samun ƙarfi, abin da aka cire ɗin nan kuwa shi ne ammoniya. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake buɗe kalwa bayan ta kwana uku a rufe ya riga ya san abin da ake magana, domin ƙwayoyin halittar da ke mai da kalwa daddawa suna farfasa furotin ɗinta ne zuwa amino asid, daga cikinsu har da gulutamet mai ba miya ɗanɗano, wadda ita ce asalin farin magi, kuma a cikin wannan aikin ne ammoniya ke tashi, ita ce ke da rabo a warin da ke dukan hanci.

Ammoniya dafi ce ko da kaɗan ce a jini, kuma ƙwaƙwalwa take fara taɓawa. Saboda haka Allah, cikin hikimarSa, ya hore wa kowane jinsi hanyar rabuwa da ita gwargwadon ruwan da yake da shi. Kifi, da yake a cikin ruwa yake, yana fitar da ita yadda take ta jajayen mashaƙansa da ke gefen kai, ruwa ya tafi da ita. Mutum da saniya da akuya hantarsu ce ke mai da ita yuriya, ƙoda ta zubar a fitsari, ta hanyar wani zagayen aiki da Hans Krebs da Kurt Henseleit suka bayyana a birnin Freiburg na Jamus cikin 1932, wanda amino asid uku, onitin da sitirulin da arjinin, suke juya shi. Tsuntsu kuwa, da ba ya fitsari, yana mai da ita wani farin abu mai kauri, shi ne farin da ake gani a kan kashin kaza.

Lissafin abin a kududdufi ba shi da wuya. Kilo 1 na abincin tarwaɗa mai furotin kashi 40 cikin 100 yana da giram 400 na furotin, watau giram 64 na naitirojin; kifi kuwa ba ya riƙe fiye da sulusi ko abin da ya yi kusa da haka a jikinsa, saboda haka kimanin giram 40 ruwa suke komawa, mafi yawansu a matsayin ammoniya. Mai zuba kilo 10 a yini yana zuba wa kifinsa kusan giram 400 na wannan sinadari kowace rana, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da zafi ke yi

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a Haɗejiya yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma tankin da ba shi da zurfi ba shi da inuwa yana ɗaukar wannan zafin da sauri. Illar tana zuwa ta fuska uku a lokaci guda. Ta farko, jikin kifi yana bin zafin ruwa ne, idan ruwa ya ɗumama aikin jikinsa ya ƙaru, ammoniyar da yake fitarwa ta ƙaru. Ta biyu, ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi: lita ɗaya tana iya riƙe kimanin miligiram 9 a digiri 20, amma ba ta wuce 7 da rabi a digiri 30. Ta uku, wadda ita ce mafi ɓoyuwa kuma mafi haɗari, ita ce ammoniya a ruwa sura biyu gare ta, ɗaya mai sauƙin illa, ɗaya mai ratsa jikin kifi kai tsaye, kuma rabon mai ratsawar yana hauhawa da zafi da kuma karkatar ruwa zuwa ɓangaren kanwa. A ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH, idan ruwa yana digiri 30, mai ratsawar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba a lamba 7, tana kusan kashi 7 da rabi a lamba 8, a lamba 9 kuwa ta kusa kashi 45.

Ma'anar wannan ga mai kududdufin da ruwansa ya yi kore shar ita ce, gansakuka tana zuƙe iskar kabon tun hantsi, ruwa yana ta karkata zuwa kanwa har la'asar, ta yadda ammoniyar da ba ta cutar da kowa da safe ba za ta iya zama ajali da yamma, alhali ko ɗigo ba a ƙara ba. Idan kuma ruwan waje ya cika da ita, ta cikin jinin kifi ba ta samun mafita. A nan ne makiyayi zai ga tarwaɗa sun ƙi abinci, wasu sun tsaya a tsaye cak kai sama gashin baki a waje, ruwa yana kumfa yana wari, ƙananan cikinsu suna juyi kamar masu farfaɗiya. Ruwa ba ya tsami banza. Hunturu ma yana da tasa fitina, domin a sanyin Disamba da Janairu kifi yana rage ci, abincin da ya bari yana ruɓewa a ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke cinye ammoniya a ruwa kuma aikinsu yana yin sanyi.

Darasin gaiwa da tarwaɗa

Babu mai koyar da wannan fanni kamar gaiwa, kuma a fadamarmu take. Idan ruwa ya janye sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jiki, ta lulluɓe kanta da yauƙi wanda ke bushewa ya zama kamar jaka, ta bar ɗan rami zuwa sama inda take shaƙar iska da huhu, kuma masu haƙonta da rani suna gane ta da wannan ramin ne a busasshiyar laka. Tana iya yin watanni a haka ba ci ba sha, tana rayuwa da tsokar jikinta, abin da ya yi daidai da faɗar Hausawa cewa gaiwa jikinta take ci. To, mai ƙona tsoka dole ya haifar da ammoniya, ga shi kuwa babu ruwan da zai tafi da ita. Homer Smith, wani masanin aikin ƙoda na Amurka, ya nuna cikin 1930 cewa irin wannan kifi yana tara yuriya ne a jikinsa muddin yana cikin laka, ya zubar da ita bayan ruwa ya dawo. Binciken da ya biyo baya ya ƙara da cewa gaiwa tana haɗa dabara biyu: tana rage ƙona amino asid tun daga tushe, sannan abin da ya fito hanta ta mai da shi yuriya. A Tafkin Magadi na Kenya, inda ruwa ya kai lamba 10 saboda kanwa, an gano cikin 1989 cewa wata irin karfasa ta can duk naitirojin ɗinta a matsayin yuriya take fitar da shi.

Tarwaɗa ba wannan hanya take bi ba, kuma wannan bambanci shi ne ginshiƙin hukuncin da za mu yanke. Masu bincike a Singafo, Ip da abokan aikinsa, sun bayyana cikin 2004 cewa tarwaɗar Afirka, idan aka sa ta a ruwa mai ammoniya da yawa, ba ta dogara ga mai da ita yuriya ko gulutamin, tura ta waje take yi da ƙarfi ko da ta waje ta fi ta ciki yawa. Wannan juriya, haɗe da gaɓar da take da ita ta shaƙar iska a sarari, ita ce ta sa ake iya cunkusa ta a tanki inda karfasa ba za ta kwana ba, kuma ita ce ke yaudarar makiyayi, domin rashin mutuwa ba ya nufin lafiya. Wani bincike da aka yi a Holan cikin 2010 ya ba da shawarar kada ammoniya mai ratsawar ta wuce miligiram 0.34 a lita, saboda sama da haka ci da girma suna iya ja baya tun kafin a ga gawa ko ɗaya.

Ƙari na farko: cike giɓi

Daga cikin amino asid 20, guda 10 kifi ba ya iya ƙera su, wajibi ne su zo masa a abinci, kuma bisa wani mizani sananne. Misalin abin kamar masaƙi ne da aka ba shi zare launi goma don saƙa zane mai tsari: ranar da launi ɗaya ya ƙare saƙa ta tsaya, sauran tara kuwa, komai yawansu, sai dai a zubar. Zubarwar a jikin dabba ita ce ƙonewa, sakamakonta kuwa ammoniya. Kayan haɗin da ke hannunmu kowane da naƙasunsa: masara da dawa suna da ƙarancin laisin, waken suya yana da ƙarancin metiyonin, tunkuzar gyaɗa tana da ƙarancin duka biyun, garin kifi ne ke da su a cike, shi kuwa tsada gare shi. Mai haɗa abinci a gida, idan ya ga kifi ba sa girma, abin da yakan yi shi ne ya ƙara tunkuza don furotin ya yi yawa, da haka sai ya ƙara launuka taran da dama sun yi rara, ya biya kuɗi ya sayo wa ruwansa dafi.

A nan laisin da metiyonin na gari, waɗanda masana'antu ke yi tun tsakiyar ƙarni na 20, suke da fa'ida tabbatacciya. Idan an zuba 'yan giram a kowane kilo aka cike giɓin, dabba tana amfani da kaso mafi yawa na abin da ta ci, kuma ana iya rage jimillar furotin ba tare da girma ya ragu ba. A fannin kaji an maimaita wannan gwaji har ya zama kamar ijma'i a wurin masana: rage furotin da maki ɗaya cikin 100, tare da cike giɓin amino asid, yana rage naitirojin da ke fita a kashi da kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100. Akwai kuma wata riba a lokacin zafi, domin narkar da furotin ya fi narkar da mai ko sitaci haifar da ɗumi a jiki.

Amma fa'idar tana da sharuɗɗa, kuma idan sharaɗi ya faɗi, abin da aka gina a kansa ya faɗi. Sharaɗi na farko shi ne a rage jimillar furotin; wanda ya ɗora amino asid a kan abincin da dama ya cika, naitirojin kawai ya ƙara. Na biyu, a sa isasshen mai da sitaci don kada kifi ya ƙone furotin neman ƙarfi. Na uku ya keɓanta da kifi: amino asid na gari yana narkewa a ruwa nan take, saboda haka barbaɗa shi a kan abinci hasara ce, dole a cuɗa shi cikin ƙullin kafin a murza a busar, kuma da yake ya riga furotin ɗin abinci shiga jini, raba ciyarwa kashi-kashi ya fi zubawa gaba ɗaya.

Ƙari na biyu: a matsayin magani

Iri na biyu shi ne ba da wata amino asid fiye da buƙatar gini, da niyyar ta taimaki jiki wajen kawar da ammoniya. Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta banza ba ce. Arjinin tana juya zagayen yuriya, kuma cikin 1978 Morris da Rogers a Kalifoniya sun nuna cewa kyanwa, idan aka ba ta abinci mai furotin wanda aka cire wa arjinin, ammoniya tana cika mata jini cikin sa'o'i kaɗan bayan ci ɗaya tak. Gulutamet kuwa tana kama ammoniya ta zama gulutamin, wadda ba ta da dafi, kuma wannan ita ce kariyar da ƙwaƙwalwa da tsoka suka fi dogara da ita. Likitoci ma suna ba wasu masu ciwon hanta, waɗanda ammoniya ta ruɗa musu hankali, wani haɗi na onitin da asfatet tare da sauran magunguna. A ƙasar Sin an yi gwaje-gwaje a kan wasu kifaye na can, inda ƙarin arjinin ko gulutamin ko taurin ya rage ɓarnar hanta da mashaƙa ya kuma ƙara yawan waɗanda suka tsira bayan an sa su a ruwa mai ammoniya.

Duk da haka, ɗaukar wannan a ɗora wa tarwaɗar Haɗejiya ƙiyasi ne tare da bambanci, wanda malaman usulu suka ce ba ya tsayawa hujja. Da fari, gwaje-gwajen na 'yan makonni ne, a tankunan ɗakin bincike masu daidaitaccen zafi, a kan jinsunan da ba namu ba, ga shi kuwa mun ga tarwaɗa ba ta dogara da hanyar yuriya ko gulutamin. Na biyu, maganin da kansa ɗauke yake da cutar: kowace ƙwayar arjinin tana da naitirojin huɗu, gulutamin biyu, kuma abin da ya shiga bakin kifi a tanki, in bai zama tsoka ba, ruwan tankin nan zai koma. An ga makamancin haka ga 'yan wasan motsa jiki, inda shan wasu amino asid kafin doguwar wahala ya ɗaga ammoniyar jininsu. Na uku, amino asid suna kishi da juna: yawan laisin yana tauye arjinin a jikin kaza, metiyonin kuwa tana cikin mafi saurin cutarwa idan ta wuce kima. Na huɗu, ko da maganin ya kare jikin kifi na ɗan lokaci, bai cire ko miligiram ɗaya daga ruwan da kifin ke ciki ba.

Kaji da shanu

Ga mai kaji, ammoniya daga ƙasa take taso masa, domin ƙwayoyin halitta suna farfasa farin kashin nan a cikin shimfiɗar ɓuntun shinkafa ko dusar katako, kuma zafi da laima suna hanzarta su. Iyakar da masana suka sa ita ce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki. Wanda ya durƙusa daidai tsayin kan kaza ya ji idonsa na yaji, to an wuce wurin, kuma hanyar numfashin kajin ta riga ta buɗe wa cututtuka. Hukuncin ƙari na farko ya hau kansu sosai, tare da busasshiyar shimfiɗa da tagogi a buɗe. Shanu da tumaki kuwa sha'aninsu dabam ne, domin ƙwayoyin halittar tumbinsu suna farfasa amino asid na gari su mai da shi ammoniya kafin ya kai hanji, sai fa wanda aka yi wa rufi na musamman. Haɗarin da ya fi kusa da su a ƙasar noman shinkafa irin ta Auyo shi ne takin yuriya, wanda in dabba ta samu buɗaɗɗen buhu ta ci, tumbi yana mai da shi ammoniya, ta fara rawar jiki da dalala da kumburi cikin ƙasa da sa'a guda, kuma in ba a gaggauta kiran likitan dabbobi ba, sai a rasa ta.

Hukunci

Abin da ya rinjaya a wurinmu shi ne a jera al'amura bisa martabarsu. Farilla ita ce ruwa: a rage cunkoso, a yi wa tanki rumfa, a zuƙe dattin ƙasa, a sauya wani kaso na ruwan a kai a kai ko da man injin burtsatse ya yi tsada, kuma kada a zuba farar ƙasa ko toka a ruwan da ake zargin ammoniya, domin tura shi ɓangaren kanwa ninka dafin ne. Bayanta sai ladabin ciyarwa: da hantsi da kuma bayan rana ta yi sanyi, gwargwadon abin da za su cinye cikin 'yan mintoci, kuma ranar da kifi suka nuna alamar takura a kame hannu gaba ɗaya, domin yunwar yini ɗaya ko biyu ba ta kashe tarwaɗa. Sannan cike giɓin laisin da metiyonin tare da rage jimillar furotin, wanda shi ne amfani mafi inganci da amino asid ke da shi a wannan babi. Ƙarin arjinin da gulutamin a matsayin maganin zafi kuwa, a dakata da shi har sai an gwada shi a kan kifinmu da ruwanmu.

Wannan gwaji kuwa ba sai an jira Turai ko Sin ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, duk suna cikin wannan zafin, kuma tunkuza da waken suya da dusar shinkafa suna kasuwa kusa da su. Muna roƙonsu su gwada haɗe-haɗen a tsakiyar bazara, su buga sakamakon da Hausa yadda mai tanki biyu a bayan gida zai karanta ya gane. Kai kuma makiyayi, kafin ka sayi kwalbar ƙari ta gaba, sayi abin gwajin ammoniya da na pH, ka auna ruwanka da safe ka sake aunawa da la'asar, ka tambayi mai haɗa maka abinci nawa ne laisin da metiyonin a ciki. Allah ya sa wa kiwo albarka.